Yaushe wannan matsin tattalin arziki zai ƙare da gaske?

Tambaya: Salam malam. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a Unguwar Rogo, Jos. Kullum gardama ake a majalisarmu, wasu su ce ai gwamnati ta ce tattalin arziki ya farfaɗo, wasu su ce sai an canza gwamnati, wani dattijo ma cewa yake abin nan sai tashin duniya. Ni dai ciniki kullum baya yake yi. Wa ya fi gaskiya, kuma yaushe za mu fita?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Gardamar nan ba za ta mutu ba saboda abu biyu daban kuke kira da suna ɗaya.

A wajen masana, ana cewa tattalin arziki ya karye ne idan jimillar abin da ƙasa ke samarwa ta ragu zango biyu a jere, kowane zango wata uku. Ya faru a 2016 lokacin da gangar ɗanyen mai ta faɗo ƙasa da dala 30 ga kuma fasa bututu a Neja Delta, shekarar ta ƙare da raguwar kashi 1.6 cikin ɗari. Ya sake faruwa a 2020 lokacin korona, a zango na biyu na shekarar ya ragu da kashi 6.1. To ka san da nawa aka ce mun fita a ƙarshen 2020? Ƙarin kashi 0.11 fa, ko kashi ɗaya bai kai ba, alhali yawan jama'a na ƙaruwa da sama da kashi 2 duk shekara. Wato an ƙara loma ɗaya a kwanon tuwo, masu sa hannu kuma sun ƙaru da mutum biyu. Hukumar Ƙididdiga ba ƙarya ta yi ba, amma mai cewa shi bai gani a ƙasa ba shi ma gaskiyarsa ce.

Abin da ke cin shagonka yanzu ma ba wannan karayar ba ce, tsadar kaya ce. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, a Yunin 2023 kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024. A Janairu 2025 aka ga 24.48, mutane suka yi ta murna a Facebook, nan kuwa ma'aunin lissafin aka sabunta, ba wai kaya sun sauko a wata ɗaya ba.

Nan ne yawanci ake ruɗewa, don Allah ka kai musu wannan majalisa. Idan an ce hauhawar farashi ta ragu ba ana nufin farashi ya sauko ba, yana hawa ne dai a hankali. Mudun da ya tashi daga 1,000 zuwa 1,350 bara, bana in hauhawar ta koma kashi 20 zai kai 1,620 ne, ba zai dawo 1,000 ba. Abinci kan yi sauƙi da kaka, kamar yadda tumatir ke karyewa a kasuwar Farin Gada ko dankalin turawa in ya fara fitowa daga Bokkos da Mangu, wannan ma sai in tsaro ya bar manomi ya je gona, amma sabulu da madara da suga da wuya su koma gidan jiya. Don haka fitar gaskiya ita ce ranar da samun mutane ya kamo farashi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma kwastomominka nawa ne ma'aikatan gwamnati? Mai keke da tela da mai wankin hula babu mai yi musu ƙarin albashi. Shi yasa a ganina maganar shekaru ce ba watanni ba, duk wanda ya yanka maka rana siyasa yake yi, haka ma mai cewa canza gwamnati kaɗai zai sauko da farashi, ai an canza a 2015 da 2023 kowa ya ga abin da ya biyo.

Hirar majalisa kuwa kar ka raina ta, tana da tasiri. In kowa ya yarda kaya za su tashi gobe, ɗan kasuwa tun yau zai ƙara don kar ya kasa saro wani, mai kuɗi ya ruga ya sayi dala ya ɓoye, sai tsoron ya zama gaskiya. Kai ma na san kana yi, ban ga laifinka ba.

In kana son sanin an fara fita, shagonka ya fi rediyo. Duba ko ka yi wata uku zuwa huɗu kana sarin kaya a farashi ɗaya, ko masu sayen ƙullin omo da sugan naira ɗari sun koma ɗaukar leda guda, sannan ka buɗe littafin bashi ka ga ko waɗanda suka daina bi ta ƙofar shagon sun fara dawowa suna ragewa.