Mijina ya ci amanata, ni don me zan ci gaba da riƙe tasa?

Salama Anti,

Don Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce, a coci aka ɗaura mana aure, muka yi alkawari gaban jama'a sai mutuwa ta raba, kuma ni dai tun daga ranar ban taɓa kallon wani namiji da wata manufa ba. Kwanakin baya na ɗauki wayar maigidana zan kira ƙanwata sabida tawa ba caji, sai ga saƙo ya shigo ta WhatsApp, abun da idona ya gani Anti ba zai rubutu anan ba. Da farko ya musa, daga baya yace sharrin Shaiɗan ne ya daina, amma har yau da wayar nan yake shiga banɗaki. Kuma fa ran Lahadi shi ne gaba-gaba wajen waƙa, kowa na mai kallon mala'ika.

Na faɗa wa ƙawayena, su ma masu bi ne. Ɗaya tace haba ke kam kin cika sanyi, duk maza haka suke, ki nemi mai ɗebe miki kewa shi ma ya ji in da daɗi. Ɗayar tace in ja bakina in yi shiru in ta addu'a kar in tona asirin gidana. Ana cikin haka akwai wani a wajen aikinmu mai hankali sosai, in ya ga raina a ɓace sai ya kira ni, yanzu kusan kullum da dare muna hira a waya. Ba mu yi komai ba amma gaskiya zuciyata ta fara karkata, har in bai kira ba bana iya barci.

Anti meye amfanin riƙon amanan nan? Masu cin amana sai walwala suke abunsu, ni da na tsare kaina ni ce kullum cikin kuka.

Taki mai damuwa.

AMSA

'Yata, sannu. An cuce ki, kuma tambayar nan taki ba saɓo ba ce, Asaf ma ya yi ta a Zabura 73, ya ga mugaye na ta ƙiba ba su da damuwa har yace ashe a banza ya tsabtace zuciyarsa. Kuma aka bar maganar cikin Littafi Mai Tsarki ba a goge ba, don haka ki faɗa wa Ubangiji abun da ke ranki yadda yake, ba sai kin yi masa kwalliya ba.

Amma ina so ki lura da inda lissafinki ya karkace. Kina ɗaukan amincinki kamar lada ne da kike biyan mijinki, in ya yi kirki ki biya, in bai yi ba ki riƙe kayanki. Ranar aurenku ba ku biyu kaɗai ba ne a wajen, Malakai 2:14 tace Ubangiji ne shaida tsakanin miji da matar ƙuruciyarsa. Mijinki ya karya nasa alkawarin, zai amsa a gaban wannan shaidan. Naki na nan a wuyanki.

Dubi Yusufu. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa na jini suka sayar da shi, in akwai wanda ke da hujjar cewa duniya ba amana to shi ne. Matar Fotifar, maigidan da yake yi wa bauta a Masar, ta dinga matsa masa kullum ya kwana da ita, amsar da ya bata a Farawa 39 ita ce yaya zai yi wannan babbar mugunta ya yi wa Allah zunubi. Me ya samu? Kurkuku. Mai shayarwar Fir'auna da ya taimaka wa a can ya fita ya manta da shi har shekara 2, sai da ya kai 30 kafin ya tsaya gaban sarki. Shi ya sa ba zan ruɗe ki da cewa ki daure wata uku mijinki zai zo yana kuka ba, wataƙila ya zo wataƙila bai zo ba.

Akwai wani ɗan abu a Farawa 39 aya ta 10 da mutane ke tsallakewa, Yusufu ko zama kusa da matar ya ƙi yi. Ke kuma kullum da dare kina kan waya. "Ba mu yi komai ba" ɗin nan na sha jinsa, wadda bata iya barci sai wani ya kira ai an riga an yi nisa. Kuma mai hankalin nan naki da ya san ke matar wani ce yake kiranki tsakar dare, ni dai ban ga hankalin ba. Ki gaya masa sau ɗaya a fili hirar ta ƙare, a ofis gaisuwa da maganar aiki kawai. Zai yi zafi na kwanaki, ba da ƙarfinki za ki yi ba, aminci na cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5:22, roƙonsa ake yi.

Ƙawarki ta farko bar ta kawai. Ta biyun ce ma ta fi bani tsoro don maganarta na kama da ta ibada. Rufe zunubi ba aminci ba ne. Yesu a Matiyu 18 yace ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Kin yi na farko. Yanzu ki nemi fasto ko dattijon ikkilisiya tare da matarsa, masu riƙe sirri, ba waɗanda za ki ji zancenki a wa'azi ba, ku zauna da maigidan. Ki gafarta masa, eh, amma yarda sai ya sake ginawa, kuma mai tuban gaske baya ɓoye waya.

Ku je asibiti ku biyun a gwada ku, ƙanjamau da ciwon hanta da sauran cututtukan da ake ɗauka ta wajen kwanciya, in ya ƙi ke ki je. In kuma maganar nan ta sa ya fara zaginki da barazana ko ya ɗaga miki hannu, ki kwashe yaranki in akwai ki tafi wajen danginki tukuna, daga can a yi zaman sulhun.

Antinki.