Amsa ga 'yar'uwar da ke cigiyar yayanta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki, cewa yayanki ya fita daga Unguwar Rogo zai je Taminus a cikin garin Jos yau shekara uku babu shi babu labarinsa, kuma duk zuwan da kuka yi sai a ce "ana kan bincike", kina so ki san ko da sauran abin yi. Akwai, amma tsakani da Allah fayil ɗin talaka ba ya motsi sai 'yan uwansa sun tura shi.

Mu ma ya same mu, ɗan wan babana ne, direba. Mun kai rahoto wani caji ofis aka ɗauki sitatimen, aka karɓi hoto da kuɗin mai, ana nan ana nan sai aka yi wa ɗan sandan da ke riƙe da kes ɗin taransifa, wanda ya gaje shi da ya jawo durowa ya ciro fayil ɗin wallahi takardar da muka rubuta ranar farko ce kawai a ciki, hoton har ya manne da ita saboda danshi, ko lambar wayarsa ba wanda ya bi.

Kuma kar wani ya ce miki ba a iyawa. Duk ɗan Jos ya tuna 2018 da Janar Idris Alkali ya ɓace a hanyarsa daga Abuja zuwa Bauchi, sojoji suka yi ta zuƙe ruwan kududdufin kuza a Dura-Du har suka ciro motarsa, ƙarshen Oktoba aka samu gawarsa a tsohuwar rijiya. Cikin wata biyu fa. A ruwan nan har wasu motocin aka ciro, to masu su fa, wa ya neme su kafin ranar? Abin da ke ci min rai ke nan. Ga Dadiyata, matashin nan mai sukar gwamnati a soshiyal midiya, tun Agustan 2019 aka ɗauke shi a gidansa a Barnawa Kaduna, duk da surutun da aka yi a soshiyal midiya shekara da shekaru aka yi ta tambaya ba amsa, ina ga wanda ba a san sunansa ba.

Ku daina zuwa da baki kawai. Ku samu lauya ya rubuta koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda, a nemi a maida kes ɗin sashen CID na jiha, wato masu binciken manyan laifuka, ku tabbata an buga muku hatimi a kofi ɗinku, ku kai wani kofin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Takarda mai hatimi ba a iya cewa ba a gan ta ba. Ku je Red Cross ma, suna da sashen neman waɗanda suka ɓace kuma kyauta ne. Bayanan kira doka shekara biyu ta ce kamfanin waya ya ajiye, ƙila wannan ya wuce ku, amma a nemi a duba asusun bankinsa da BVN ko an taɓa. Gidan yari kuma kar ku tsallake shi, akwai masu zaman jiran shari'a da danginsu ba su san suna ciki ba, haka mutuware da ɓangaren masu taɓin hankali a asibiti.

Dan Allah ku kiyayi masu bugo waya su ce sun gan shi a tura kuɗin mota, da 'yan duba, sun cuci goggonmu ba kaɗan ba.

In yana da mata kar a bar ta a rataye, ta kai maganar gaban alƙali tun yanzu, domin a Malikiyya shekara huɗun da ake jira daga lokacin da aka kai ƙara ake lissafa su, sannan ta yi takaba. Allah Ya bayyana shi cikin aminci, Ya ba Mama haƙuri.