Ga ƙanina mai son zuwa Turai karatun maganaɗisu

Ƙanina, ka ce ka gama digirinka na fiziks, kana son zuwa Faransa ko Jamus bincike kan maganaɗisun da ke kasa daidaituwa, kana tambaya ko fannin ya cancanci wahalar. Ya cancanta, amma ka fara sanin abin da za ka shiga.

A wasu sinadarai, ɗan maganaɗisun kowane atom yana son saɓa wa na maƙwabcinsa: wannan ya dubi sama, wancan ya dubi ƙasa. In a murabba'i suke jere, lafiya lau. To a dasa su uku kamar duwatsun murhu. Biyu sun saɓa wa juna, na ukun wa zai saɓa wa? Ka ga tsarin kiristal ɗin, wato yadda atom suke jere a cikin sinadarin, shi ne ya haddasa rikicin.

Sinadarin da ya fi burge ni shi ne ZnCr2O4, haɗin zink da kuromiyam da oksijin. Ƙarfin da ke tsakanin atom ɗin kuromiyam ya isa su daidaita tun a wajen zafin Kelbin 390 (Kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi), amma ba sa yi sai sanyi ya kai kusan 12.5. Ko a nan ma, sai kiristal ɗin da kansa ya ɗan karkace, tazarar wasu atom ta ragu, ta wasu ta ƙaru, sannan a samu sulhu. Maganaɗisu ya tanƙwara gidan da yake ciki ke nan! Wannan abu shi ya riƙe ni a fannin.

Ana ganin hakan ne da niyutron, ƙananan ƙwayoyin cikin atom da injin nukiliya ke fitarwa, a harba su kan kiristal ɗin. Injin nukiliya na cibiyar bincike ta ILL a Giranobul, Faransa, yana ba da megawat 58. Namu na Zariya kilowat 30 ne da ɗoriya, ba don irin wannan aiki aka yi shi ba. A ILL kuwa sai ka rubuta buƙata, ka jira watanni, a ba ka 'yan kwanaki. In kiristal ɗinka ba tsabtatacce ba ne, shi ke nan.

Don haka kafin ka taso, ka ƙware a Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, da lissafin kwaikwayo na Monte Carlo, domin su ne za su bi ka gida in ka dawo, kwamfuta kawai suke buƙata. Ka kuma nemi difuloma ta shekara ɗaya ta ICTP, cibiyar nazarin fiziks ta ƙasa da ƙasa a Tiriyeste, Italiya. Suna ɗaukar nauyin ɗaliban ƙasashe masu tasowa, kuma da yawa daga nan suke samun gurbin digiri na uku. Turo mini takardunka in duba kafin ka aika.