Asid ya ƙona ni a wurin aiki, manaja ya ce in karɓi dubu 200 in sa hannu

Assalamu alaikum Barista. Ƙanena ne ke rubuta mini wannan saƙo, domin har yanzu idona na hagu a ɗaure yake. Ni mazaunin Rigasa ne, shekara biyu da wata huɗu ina aikin lebura a wani kamfani a Kudenda, ana biyanmu duk Asabar. Yau kwana 19 ke nan da oga ya sa mu juye asid daga duro zuwa jarkoki, irin na ruwan batir amma wanda ba a sirka ba. Ashe jarkar da aka miƙo mini akwai guntun ruwa a ciki. Ina zubawa ya tafasa ya watso mini a fuska da hannun dama. Ba a taɓa ba mu safa ko tabarau ba, famfon wurin kuma ya daɗe da lalacewa, sai abokan aiki suka shafa mini man ja. Manaja ne ya kai ni wani asibitin kuɗi ya biya na ranar farko. Yanzu ya ce zai ba ni naira 200,000 in sa hannu a wata takarda ta Turanci, wai ni ɗan aikin rana ne, taimako ne kawai yake yi mini. Baffana ya ce ƙaddara ce, in karɓa in yi shiru. Mene ne mafita?

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada ka sa hannu a takardar nan tukuna. Ka karɓi kwafinta, ko ƙanenka ya ɗauki hotonta, ka ce za ka yi shawara. Wanda bai san abin da zai rage na ganinsa ba bai san farashin abin da ake so ya sayar ba.

Maganar manaja cewa kai ɗan aikin rana ne ba ta da gurbi a doka. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF (asusun gwamnatin tarayya mai biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki) ke aiwatarwa, ta fassara ma'aikaci a sashe na 73, kuma ta lissafa na dindindin, da na wucin gadi, da ɗan koyo, da mai aikin rana, har da ɗan aikin gida. Albashin wata ko kuɗin Asabar duk ɗaya ne a wurinta. Dokar Ƙwadago ma ta wajabta a ba ka takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa, don haka rashin takardar laifinsu ne, kai ba ka yi asarar komai ba. Abin da ya rage maka shi ne ka nuna kana aiki a wurin: katin shiga idan akwai, saƙon banki idan ta waya ake biyanku, littafin da ake kiran suna da safe, da abokan aiki biyu da za su iya tsayawa su faɗi gaskiya. Ka karɓi lambobinsu yau, domin leburan kamfani ba ya daɗewa a wuri ɗaya, kuma wanda ke tsoron abincinsa yakan manta abin da ya gani.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kwana 19 ɗin nan. Dokar Biyan Diyyar ta ce ma'aikaci ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14 da faruwar hatsari, kuma rashin sanarwa na iya toshe diyya. Sai dai sashe na 4 ɗin da ya kafa wa'adin ya bar ƙofa idan mai aikin ko wakilinsa ya riga ya san da lamarin. Manajan da ya sa ka a mota ya kai ka asibiti ba zai ce bai sani ba, rasit ɗin ranar farko kuwa shaidarka ne, ka nemi kwafinsa a asibitin. Duk da haka ka rubuta musu sanarwa yanzu, da sunanka da adireshinka, da rana da lokaci da wurin da abin ya faru, da irin raunin. Kwafi biyu, a buga wa naka hatimi. Su kuma kamfanin doka ta ba su kwana 7 su kai rahoto NSITF, Dokar Masana'antu ta 1987 kuma ta ce duk hatsarin da ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana uku a sanar da sufeton Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In da zan yi caca, da na ce ba su kai ko ɗaya ba, kuma shi ya sa takardar ta fito da wuri.

Hanyoyi biyu ne a gabanka, kuma ba a cin su duka.

Ta farko NSITF. Kyawunta ba a tambayar laifin waye. Ko da manaja ya ce kai ne ba ka leƙa cikin jarkar ba, wannan ba ya hana a biya ka, matuƙar a bakin aiki ka ji raunin. Asusun na ɗaukar kuɗin magani. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana ba shi kashi 90 cikin ɗari na abin da yake samu duk wata, wanda ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa kuma ana auna abin da ya ragu na samunsa a biya shi kashi 90 na wannan giɓin. Akwai kuma kuɗin dunƙule ga wanda tabo mai muni ya ɓata wa kama har zai iya hana shi samun aiki, kuma ƙunar fuska na iya shiga nan. Wa'adin neman diyya shekara ɗaya ne daga ranar hatsari. Ana iya ɗaga ƙafa zuwa uku idan akwai uzuri na musamman, amma kada ka jingina da wannan. Idan hukuncin hukumar bai yi maka ba, kana da kwana 180 ka nemi ta sake dubawa, daga nan sai kotu. Kuɗin asusun kamfanoni ne ke zuba shi, kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya, kuma haramun ne a cire shi daga kuɗin ma'aikaci. Matsalar da na fi gani a aikace ita ce kamfanin da bai yi rajista ba, ko ya yi amma bai sa leburori a jerin sunaye ba. Laifin nasa ne, amma kai ne za ka sha jeka-ka-dawo. Sannan tunda da albashi ake lissafi, lebura ba ya samun abin a zo a gani.

Ta biyu ƙarar sakaci a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Kaduna, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin irin wannan shari'a. A nan alƙali na iya duba zafin da ka sha da rayuwar da ta canza maka, don haka kuɗin kan fi yawa. Amma sai ka tabbatar da laifinsu, lauyansu zai yi jayayya cewa NSITF ya kamata ka nufa, kuma shari'a na iya cin shekaru.

A gani na hujjarka ta sakaci tana da ƙarfi, kuma dalilin na cikin halin asid ɗin kansa. Ruwan batir da ake sayarwa a Panteka kusan kashi ɗaya cikin uku ne asid, sauran ruwa. Na duro da ba a sirka ba yakan kai kashi 98 cikin ɗari. Idan ya haɗu da ruwa zafi yake fitarwa nan take, shi ya sa ƙa'ida ita ce a riƙa zuba asid kaɗan-kaɗan cikin ruwa mai yawa, ba a taɓa zuba ruwa cikin asid. Guntun ruwan da ke gindin jarkarka bai isa ya shanye zafin ba, sai ya tafasa ya yi aman asid ɗin sama. Duk wanda ke sayen wannan kaya duro-duro ya san haka, domin yana rubuce a takardar bayanin hatsari da ke zuwa tare da shi. Dokar Masana'antu ta wajabta wa mai kamfani ya koyar da ma'aikaci hatsarin aikinsa, ya samar da kayan kariya kamar safar hannu da takalmi da tabarau, da akwatin taimakon gaggawa. Juye irin wannan asid aikin famfon duro ne da jarka busasshiya, da tabarau mai rufe gefen ido, da garkuwar fuska da rigar roba. Kai an tura ka da hannu biyu.

Famfon da ya lalace shi ne babbar hujjarka, a ɗauki hotonsa kafin su gyara. Maganin farko na ƙunar asid ruwa ne mai gudu, aƙalla minti 20 ba tsayawa, ana cire tufafin da ya jiƙe, ido kuma a buɗe shi da yatsa ana kwarara masa ruwa ko da mutum na ihu. Duk mintin da aka ɓata, asid na ƙara cin nama. Abokan aikinka da niyyar alheri suka shafa man ja, amma man rufe asid ɗin ya yi a kan fata. Haka man goge baki da ɗanyen ƙwai. Ruwan kanwa kuwa, da wasu ke cewa yana kashe asid, wani zafin yake tayarwa a kan rauni. Idan likita ya rubuta cewa jinkirin wankewa ya ƙara tsananta raunin, to ya ɗaure kamfanin da igiyarsa.

Saboda haka kafin zaɓen hanya, ka je Asibitin Ido na Ƙasa da ke nan Kaduna, ƙwararre ya duba idon ya rubuta rahoto, hannun kuma ka kai shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Ƙunar ido kan ɗauki watanni kafin a san inda ta tsaya, tabon hannu kuma yana iya janye fata daga baya har yatsu su ƙi miƙewa, a buƙaci tiyata. Naira 200,000 na iya ƙarewa a nan kaɗai. Sanar da kamfani da neman rahoton likita ba su ɗaure ka a kan wata hanya ba. Da rahoton ya fito, ka zauna da lauya ku auna. Idan ganin ya dawo, NSITF ko sulhu mai kyau sun wadatar. Idan idon ya tafi, ni kotu zan duba. Idan babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a na da ofishi a Kaduna, ka fara da su.

Game da takardar manaja, sashe na 13 na Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ya ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yafe diyyarsa ta ƙarƙashin wannan doka ba ta da inganci. Amma a ƙarar sakaci za su ɗaga ta a gaban alƙali su ce an riga an sasanta, kai kuma ka koma kana rantsuwa cewa ba a fassara maka ba. Idan kuɗin magani ya matsa, ka karɓi abin da ya bayar, a rubuta a rasit cewa wani ɓangare ne na kuɗin asibiti, ba cikon komai ba.

Baffa kuma a bi shi da ladabi. Gaskiya ya faɗa, ƙaddara ce, kuma ba wanda ya ce a ƙi sulhu. Sai dai a tuna masa cewa shari'ar Musulunci da ta koya mana yarda da ƙaddara ita ce ta yanka wa ido ɗaya rabin diyyar rai. Ranar da za a zauna da manaja ku tafi tare da shi, rahoton likita na hannunka, kuma a fassara kowane layi da Hausa a gabansa kafin kowa ya taɓa biro.