Shuɗin tabo a ƙarƙashin notin bututun mai: ƙara ɗauri ne maganinsa?

Tambaya: Malam, wata takwas ke nan ina koyon gyaran ƙananan jiragen sama. Jiya ina duba wani Cessna 172 sai na ga shuɗin tabo a ƙarƙashin notin da ya haɗa bututun mai da rariyar tace mai. Wani da ya riga ni fara aiki ya ce in ƙara masa ɗauri, idan ya ƙi tsayawa a naɗa masa farin tef, kuma ba sai an rubuta ba. Hankalina bai kwanta ba, domin kullum ɗalibai ne a cikin jirgin. Me ya kamata in yi?

Amsa: Ɗan'uwa, gara da hankalinka bai kwanta ba. Ka san man 100LL, fetur ɗin da irin waɗannan ƙananan jirage ke sha, rina shi ake yi shuɗi, idan ya tsatso ya bushe sai rinin ya zauna a wurin, saboda haka tabon nan shaida ce cewa mai ya fita, kuma bai halatta jirgin ya tashi ba sai an gano dalili.

Shawarar da aka ba ka ita ce abin da ya fi ɓata mini rai a wannan sana'a, domin kusan kullum sai na ji ta. Mahaɗin AN, wato irin mahaɗin bututun da ake sa wa jirgin sama, ba a tiredin noti yake tare mai ba. Abin da ke tare shi leɓen bututun ne, wanda aka buɗa kamar bakin mazurari a kan digiri 37, ya zauna daram a kan hancin mahaɗin, ƙarfe a kan ƙarfe. Aikin noti kawai ya riƙe su a manne. To, idan leɓen ya tsage, ko ya karce, ko bututun ya shigo a karkace, me ƙarin ɗauri zai gyara? Alminiyam ba shi da tauri; kana ƙara matsa shi leɓen na ƙara sirancewa, yoyon ya tsaya yau, girgizar inji kuma ta ƙarasa tsagar a sararin sama, kusa da salansa mai zafi. Na taɓa kwance irin wannan noti, leɓen ya faɗo mini a tafin hannu kamar zobe, ya rabu da bututun gaba ɗaya, alhali wanda ya ɗaure shi yana alfahari da cewa ya tsayar da yoyo. Ba don ado aka sa adadi a littafi ba: a kundin AC 43.13-1B na FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, bututun alminiyam mai lamba 6, wato mai kaurin 3/8 na inci, ɗaurinsa inci-fam 110 zuwa 130 ne, kuma da sufana mai awo ake cimma shi, ana riƙe da ɗaya ɓangaren da wata sufanar. Duk wanda ya ce maka hannunsa ya san awo, kada ka saurare shi.

Farin tef ɗin Teflon kuwa ya fi muni. A kan irin wannan mahaɗi ba ya tare komai, sai dai ya yage, zarensa ya bi mai ya je ya toshe rariyar kafireta ko ya maƙale a bawul ɗinta. Ko a mahaɗi mai tiredi irin na bututun ruwa, man liƙin da kamfani ya amince da shi ake shafawa, a bar tiredi biyun farko babu komai. Haka nan kada ka yarda a kawo mahaɗin mota, domin nasa leɓen digiri 45 ne, zai ɗauru amma ba zai zauna ba.

Ka rufe bawul ɗin mai, ka kwance notin, ka goge leɓen ka duba shi da gilashin ƙara girma a haske mai kyau, tare da ɗan zoben ƙarfen da ke bayansa a cikin noti. Idan akwai tsaga, a canja bututun. Bayan an mayar, a wanke tabon, a buɗe mai, a kunna famfon taimako idan jirgin yana da shi, a sake dubawa, sannan a ja layin fentin shaida daga noti zuwa mahaɗi domin a gane idan ya motsa. Ka bi sauran mahaɗan da hannu, musamman na gabanin famfon mai, domin su iska suke zuƙa a ciki, inji ya riƙa tari ba tare da ka ga ɗigo ko ɗaya ba.

Batun kada a rubuta kuma, ka kai maganar ga injiniya mai lasisi da ke kula da kai, shi zai duba aikin ya sa hannu a littafin jirgin kafin a mayar da shi bakin aiki.