Hukuncin Naman Raƙumin Dawa da na Jaɓa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta cewa raƙumin dawa da jaɓa duka dabbobi ne masu shayarwa, har ƙasusuwan wuyansu ma bakwai-bakwai ne. To hukuncin cin namansu ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka karanta gaskiya ne, kuma ya isa abin tasbihi. Raƙumin dawa yakan kai mita 5, namijinsa ya haura kilo 1,000, ita kuwa mafi ƙanƙantar jaɓa nauyinta bai wuce giram 2 ba, amma Allah Ya tsara wuyansu a kan ƙashi bakwai. Sai dai shari'a ba ta rataya halacci a kan ƙashi ko girman jiki ba. Abin da take dubawa shi ne ɗabi'ar dabba da tsarkinta.

Raƙumin dawa ganye yake ci, yana tuƙa, kofatonsa rababbe ne kamar na saniya, ba ya farauta. Don haka hanin da ya zo a hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani game da duk dabba mai fiƙa da take farauta bai shafe shi ba. An tambayi Imamu Ahmad ko ana cinsa, ya ce eh. Malikiyya sun halatta shi, kuma sun ce sukarsa ake yi a gindin wuya kamar raƙumi. Imamu Nawawi ya tafi a kan haramci, domin a da akwai masu zaton cewa haifaffe ne tsakanin dabbar da ake ci da wadda ba a ci. Wannan zato ya faɗi: jinsi ne mai zaman kansa, yana haifar irinsa. Shi ya sa Subki, wanda shi ma Bashafi'e ne, ya rinjayar da halacci, kuma a nan nake.

Amma ɗan'uwa, halaccin nama bai buɗe ƙofar farauta ba. A 1996 waɗanda suka rage a Afirka ta Yamma ba su kai 50 ba. Inda hukuma ta hana kashe shi, bin wannan hani wajibi ne, domin ƙarar da halittar Allah ɓarna ce a bayan ƙasa.

Jaɓa kuwa ƙwari da tsutsotsi take ci, tana da wari, kuma lafiyayyar ɗabi'a tana ƙyamarta. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suna haramta irin waɗannan ƙananan dabbobi, da hujjar aya ta 157 a Suratul A'araf, wadda ta haramta ƙazantattun abubuwa. Malikiyya suna da sassauci a wasu, amma a kan ɓera sun yi saɓani. Masana sun ce jaɓa ba ɓera ba ce, duk da haka ta fi kusa da shi a siffa da zama, don haka fatawata ita ce kada a ci ta.

Idan ta mutu a cikin mai daskararre, a cire ta da abin da ke kewaye da ita a yi amfani da sauran, bisa ƙiyasi da hadisin Maimuna a kan ɓera. Allah Shi ne Mafi sani.