Amsa kan maimaita tsohon hoton gidan kwatance a rahoton ƙima

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce kana da hoton wani gida a Rijiyar Zaki da ka ɗauka bara sa'ad da ka yi kwatance da shi, wato ka auna darajar wani gida da farashin da aka sayar da wannan, yanzu kuma banki ya ba ofishinku aikin yi wa wani gida ƙima a layin da ke bayansa, shin ka mayar da hoton nan cikin sabon rahoto ko sai ka koma ka ɗauko wani. Ka kuma tambaya game da hotunan da dillalai ke turowa ta WhatsApp.

Za ka iya mayar da shi, amma sai ka koma ka ga gidan da idonka tukuna. Na daɗe ina wannan aiki a Kano, kuma ga dalilina.

Hoton gidan kwatance shaida biyu yake bayarwa. Ta farko, yadda gidan yake a ranar da aka yi cinikinsa. Ta biyu, cewa kai da ka sa hannu ka taka ka je wurin. A shaidar farko tsohon hoto ya fi sabo ƙarfi, kuma nan ne matasanmu da yawa ke rikicewa. Idan an sayar da gidan bara yana da tsohon kwano mai tsatsa, katangarsa ba filasta, get ɗin ya karkace, kuɗin da aka biya kuɗin wannan gidan ne. Mai saye ya shigo ya canza rufi, ya shimfiɗa tayil, ya haƙa burtsatse, ya yi fenti. Ka je yau ka ɗauki hotonsa fes, ka liƙa kusa da farashin bara, to ka gaya wa banki cewa gida mai wannan kyan bai wuce wannan kuɗin ba, ka kuma danne darajar gidan da aka ba ka aiki a kansa ba tare da ka sani ba. Don haka idan cinikin da kake kafa hujja da shi shi ne dai na bara, hoton bara ne daidai. Ni nakan sa duka biyun, tsoho da sabo, in rubuta watan da shekarar da aka ɗauki kowanne a ƙarƙashinsa, in ƙara layi ɗaya cewa an gyara gidan bayan ciniki. Idan kuwa an sake sayar da shi tun daga lokacin, tsohon hoton ya gama aikinsa, sabon ciniki sai sabon hoto.

Shaida ta biyu kuma tsohon hoto ba zai taɓa ba ka ita ba. Hoto gaban gida kawai yake kamawa. Ba ya nuna maka cewa an buɗe gidan biki a ƙarshen layin, ko an zuba kwalta, ko magudanar ruwa ta toshe har layin yana zama tafki da damina. Hoton da ka ɗauka da rani, ƙasa a bushe, ba zai nuna maka zanen da ruwa ya bari a jikin katanga ba, wannan layin mai duhu da kan kai gwiwar mutum. Sai ka tsaya kusa za ka gan shi. Dubi Maiduguri: duk wanda yake da hoton gida a Gwange kafin madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ba zai kawo shi bayan ambaliyar ya ce ga yadda unguwar take ba. Ko a Amurka, inda suke da rumbun bayanan cinikin gidaje da hotunansu, fom ɗin rahoton ƙima mai lamba 1004 na Fannie Mae, kamfanin da ke sayen bashin gidaje daga bankuna, ya sa mai ƙima ya tabbatar da sa hannunsa cewa ya duba kowane gidan kwatance, ko da daga kan titi ne. Mu da ba mu da irin wannan rumbu, kuma kuɗin da ake rubutawa a takardar ciniki sau da yawa ya gaza abin da aka biya don a rage kuɗin da za a ba gwamnati, ai mu muka fi buƙatar zuwa.

Ka kuma kula da farashin kansa, ba hoton kaɗai ba. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yuni na 2023 kayan gini suka tashi, buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024. Cinikin da ya shekara yana buƙatar gyaran lissafi, kuma ranar da ke ƙarƙashin hoton ita ce ke tuna wa mai karanta rahoton haka.

Hoton dillali kuwa, ka karɓa ka gode, ka ajiye a fayil, amma kada ya zama shi ne shaidarka. Dillali la'ada yake nema, zai ɗauka ta kusurwar da bola ba ta fito ba. An taɓa kawo mini rahotanni biyu daga wani ofishi don in duba, gida ɗaya ne a hoton, da bishiyar darbejiya ɗaya a ƙofa, amma a rahoto na farko yana Hotoro, a na biyu yana Sharaɗa. Wanda ya haɗa su bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Ranar da mai bashi ya kasa biya aka zo gwanjon gidan jingina kuɗi bai kai ba, ba dillali za a kira ba. Wanda hatiminsa ke kan rahoton za a kira, kuma hukumar ESVARBON mai yi wa masu ƙimar gidaje da filaye rajista, wadda dokar 1975 ta kafa, tana da ikon ladabtar da shi. Kai da kake ƙarƙashin maigida, sunansa kake ɗauke da shi duk inda ka je. Idan dole ta sa ka yi amfani da hoton dillali, misali gidan yana cikin rukunin gidaje masu get kuma masu gadi sun hana ka shiga, ka rubuta ƙarara cewa daga dillali ya fito, ka haɗa da naka hoton na bakin get ɗin.

Wajen ɗaukar, don Allah ka yi hattara. A halin tsaron da ake ciki, baƙo ya tsaya da waya yana ɗaukar ƙofar gidan mutane abu ne da kan tara jama'a nan take, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Kada ka ɗauka daga cikin mota ka wuce da sauri, shi ya fi jawo zargi. Ka sauka, ka yi sallama da mutanen da ke zaune a majalisa ko mai shagon layin, ka nuna katin aikinka, in unguwar cikin gari ce ka fara biyawa ta wurin mai unguwa. Ka jira a rufe ƙofa don kada tsakar gida da iyalin mutum su fito, kada yara ko lambar mota su shiga. Ka tsaya ta gefe kaɗan yadda gaba da ɓangare ɗaya na ginin za su fito tare, sannan ka juya ka ɗauki layin kansa. Ka kunna alamar wuri a wayarka, kuma ka ajiye ainihin hoton a kwamfutar ofis, domin idan ka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, bayanan rana da wuri da ke cikinsa gogewa suke yi.

A wannan gaisuwar ma ake samun abin da aka zo nema. Mai shagon ne zai gaya maka ko gidan na magada ne da suka karyar don a yi rabo da wuri, ko ɗan'uwa ne ya sayar wa ɗan'uwa. Idan haka ne a gidanka na Rijiyar Zaki, ka cire shi daga kwatancen gaba ɗaya ka nemi wani.